Ruwan Da Ka Zuba Wa Amalanken Malam Hudu

Zuwa ga ɗana Sabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka da idanunka biyu da yatsunka cikakku, Ya tsare ka daga sharrin wuta da ƙarfe, da sharrin mutanen da ba ka san halinsu ba a can Ungogo. Na fara da addu'a ne don haƙƙinka ce a wuyana. Amma raina a ɓace yake, kuma kai ne ka ɓata shi.

Tunda ka daina ɗaukar wayata, to ga takarda. Ita ba ta da wurin dannawa a kashe ta. Ka yi haƙuri da girman rubutun, ka san halin idanuna. Na ba direban motar Minjibir ita tare da ƙunshi biyu, na ce hannunka zai damƙa wa. Kada ka kwance ko ɗaya sai ka kai ƙarshen karatu.

Ba ka tsaya ka ji abin da ya faru ba ranar da na kira ka, saboda haka bari in faɗa maka a tsanake. Amalanken Malam Hudu da ka yi wa walda da safen ranar da ka tafi ta karye. Ya ɗoro dammunan gero daga gonarsa ta bakin fadama, yana gangarowa kwari, sai dogon ƙarfen da ya haɗa amalanken da karkiyar shanu ya ɓalle daga gindi, daidai inda ka liƙa. Amalanken ta kife gaba da kayanta duka, ta hau ƙafar Ɗan Ja, jan san nan nasa. Ƙashi ya fito waje. Malam Hudu ya yi tsalle ya sha da ƙyar, gwiwarsa ce kawai ta gurje. Sa kuwa a wurin aka yanka shi, don ba a ɗora wa sa ƙafa. Yanzu dattijon nan yana da sa guda, geronsa yana zube a gona, kaka tana tsakiya.

Da na isa wurin, ban tambayi kowa komai ba. Na ɗauki guntun ƙarfen na kawo shi kusa da hancina, don a nan kaɗai idanuna suke aiki. Ƙarfen da ya gaji, lanƙwashewa yake yi tukuna, ya yage, ya bar baki mai duhu. Wannan kuwa tsinkewa ya yi tas, bakinsa fari fat, da tsaki-tsaki kamar gishiri. Shekarun da na yi a maƙera sun ishe ni in san ma'anar wannan farin. Ruwa ka zuba masa yana ja. Kai Sabi'u! Ruwa a kan waldar da aka yi da ƙarfen sifirin ɗin mota? Ga rabin duro cike da toka a bakin ƙofar maƙera, taku nawa ne tsakaninka da shi?

Na dawo gida na tambayi Innarku. Ta ce ai daga cikin gida ta ji ka leƙo kana neman bokiti, ta ji ƙarar ruwa a kan wuta, ta ji abokinka mai adaidaita yana ta danna oda a waje wai rana tana yi. Sai ta ƙara maganar da ta hana ni sukuni har yau. Ta ce, "Malam, ai sau biyu na ji ƙarar nan. Bayan Malam Hudu ya tafi, wani baƙo ma ya zo da tasa amalanken, shi ma an yi masa."

Na ce wane ne? Ta ce ita ina za ta sani, muryarsa kawai ta ji ta bayan katanga, ba muryar garin nan ba ce. Ni kuwa ina wajen jana'iza a ƙauyen gaba a ranar. Na tambayi masu shayi, na tambayi mai faci, wani ya ce fararen shanu ya gani, wani ya ce a'a. Babu wanda ya san sunansa. Kai kaɗai ka san shi, don Innarku ta ji kana yi masa kwatancen gidanmu a waya tun ana gobe za ka tafi. To wannan ne dalilin takardar nan. Akwai wani bawan Allah yana can yana lodin gero a kan ƙarfen da ka shayar, kuma ka san yadda yara suke ɗarewa saman kaya lokacin kaka. Sunansa nake so, ko garinsu, ko lambarsa.

Na san da na iya bakina da tuni na samu. Da na kira ka ranar nan, maimakon in fara da tambayar, sai na fara da sakarai, na bi da shashasha, na haɗa da abin da ba zan rubuta ba. Kafin in zo kan maganar baƙon, ka kashe. Laifina ke nan, na saka faɗa a gaba na bar abin da ya fi muhimmanci a baya. Idan wata rana aka yi ɓarna a hannun wanda yake ƙarƙashinka, ka fara tambayar ina ɓarnar ta tsaya, ka toshe ta, faɗan ya biyo baya. Amma kai ma, don ubanka ya ɗaga murya sai ka rufe waya kwana da kwanaki? Haba! Wa ya koya maka wannan? Ni mahaifina da masaba a hannu yake yi mini faɗa, ban taɓa juya masa baya ba.

Kuskuren nan da ka yi, ni na riga ka yin sa, kuma ban taɓa gaya maka ba. Ka san gidanmu gidan ƙira ne tun kakanni. Da zugazugi da gawayin ƙirya na tashi, kuma abu na farko da ɗan maƙeri yake alfahari da shi shi ne ban ruwa. A ƙera gatari, a mayar wuta, a tsoma bakinsa kaɗai cikin ruwa, a ɗago, a dubi yadda launi yake gangarowa daga jiki zuwa kaifi, a sake tsomawa. Hannunmu ya saba, da mun ga jan ƙarfe sai mu nemi ruwa. Da na dawo daga Kano da injin walda, na farko a garin nan, kaina ya fi hulata girma. Kawu Garba ya kawo garmar shanunsa ta tsage, na liƙa mata guntun sifirin ɗin mota, na ɗauke ta da awartaki na dulmiya a kaskon ban ruwa, ina ji da kaina. A kunyar farko da ya ja a gona ta karye. Ranar na gane cewa ban ruwa na kaifi ne. Inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe don ya ɗauki nauyi, musamman sifirin, ruwa gilashi yake mayar da shi. Binne shi ake yi a toka ya huce a kan lokacinsa, ko da mai shi zai kwana yana jira.

Na sani, amma ban koya maka da dalili ba. Ina tune da ranar da ka ce, "Baba, me ya sa gatari a ruwa, wannan kuma a toka?" Na ce, "Don na ce." Kunyar labarin Kawu Garba ce ta hana ni, ba na son ɗana ya ji ubansa ya taɓa kwafsawa. Ga shi na ɓoye labarin garma, sa ya biya. Saboda haka a inda kake yanzu, duk abin da ogan shagonku ya ce ka yi, ka yi, amma ka nemi dalilinsa, ko da zai harare ka. Umarnin da ba ka san dalilinsa ba, ranar da kake sauri shi za ka fara yarwa.

Sai dai kada ka ɗauki wannan ka yi matashin kai da shi. Ko ban faɗi dalili ba, na faɗi dokar, na maimaita ta har maƙwabta suka haddace. Ka sani sarai. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, da ka gama sai ka bi da giranda ka goge, ka shafa baƙin fenti. Yaushe muka fara yi wa amalanken shanu kwalliya a gidan nan? Wanda bai san ya yi ɓarna ba, ba ya neman fenti. Kai ka san abin da ka yi, ka rufe, ka wanke hannu, ka shiga adaidaita ka tafi birni. Tir da wannan aiki, Sabi'u.

Saurin nan naka ma da hannuna a ciki. Tun kana fara riƙe wayar walda nake zuga ka a gaban mutane. In an kawo lauje ko fartanya sai in ce, "Ku ba Sabi'u, kafin ku gama gaisawa ya gama." Kana jin daɗi, ni ma ina jin daɗi. Ban taɓa cewa ku ba Sabi'u, aikinsa ba ya dawowa ba. Na yabi saurinka har ka ɗauka shi ne gwaninta. A birni za ka samu masu yabon nan da yawa, masu gini da suke son a kafa ƙofa yau a shiga gida gobe. Aka ce mini har ƙafafun tankin ruwa kuke haɗawa, da matakalar bene. Ka tsaya ka yi tunanin wa zai zauna a inuwar tankin nan. Matar gida ce da wankinta, da yara. In mai aiki ya matsa maka, ka ce masa ƙarfe bai huce ba. In ya ce zai kai wani wuri, ka taya shi ɗorawa a mota.

Ga kuma maganar ido. Ka fi kowa sanin abin da ya sa na sakar maka injin tun ban shirya ba. Da ƙuruciya gani nake gilashin walda na ragwaye ne. Runtse ido nake yi in ɗiga, in buɗe, in sake ɗigawa, mutane suna cewa Idi ba ya tsoron wuta. Sai in kwana idanuna kamar an zuba yashi, Innarku tana ɗiga mini madara, gari ya waye in koma. Yanzu mutum yana tsaye a bakin maƙera sai ya yi magana nake gane shi. Da ina da idanuna, da ni zan yi aikin Malam Hudu, da Ɗan Ja yana turkensa yana cin harawa. Da na share maƙera bayan tafiyarka, a rataye na samu gilashinka a ƙusa. Me kake sa wa fuskarka a can? Baƙin tabarau na 'yan gayu? Ba ya tare komai. Ka nemi na gaske ka saka, ko za su yi maka dariya.

Kuma in aka kawo maka duro ko tankin babur a ce ka yanka ko ka liƙe, kada ka yarda da rantsuwar kowa cewa an wanke. Ka cika shi da ruwa da hannunka. Tabon da ke wuyana, wanda kuke tambaya kuna yara ina ce muku ƙuna ce kawai, murfin duro ne. Mai shi ya rantse mini manja ne a ciki, ashe fetur ne, ni kuma na ji kunyar shinshinawa a gabansa.

Bari in koma kan Malam Hudu, don nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Da aka yanka san, mutanen gari suka yi abin da aka saba, aka yi watanda, kowa ya ɗauki kashi don a rage masa asara. Na je na same shi zaune a gindin darbejiya, ana kasa naman a kan ganye, shi kuwa yana riƙe da igiyar san yana naɗewa yana warwarewa. Na tsuguna na ce, "Malam Hudu, aikin gidana ne ya ja maka wannan."

Ya ce, "Haba Malam Idi, ƙarfe ne fa. Ƙarfe yana gajiya."

Na ce, "Bai gaji ba. Ruwa aka ba shi yana ja. Yarona ne ya yi, ni kuma na koyar da shi."

Ya ci gaba da naɗe igiyar. Wallahi da ya zage ni da na ji sanyi. Sai ya ce, "To Allah Ya kiyaye gaba. Yaron ya sauka lafiya dai ko?"

Ka ji fa. Sansa yana kwance an feɗe, yana tambayar ko ka sauka lafiya. Sai na ce lafiya ƙalau, alhali ban sani ba, tunda ba ka ɗaukar waya.

Na ƙera masa sabon ƙarfen jan amalanke a wuta, irin na da, na huda na ɗaure da noti, tunda walda ta fi ƙarfin idanuna. Na yi magana da Kawunka Sale zai riƙa ara masa sa guda har a gama kwashe amfanin gona. Abin da ya rage tsakaninmu da shi, ni da kai za mu zauna a kai, kuma da ƙafarka za ka je ka durƙusa a zaurensa. Ba zan aika da ban haƙuri a madadinka ba. Gemu ya fara fito maka.

Amma wannan duk zai iya jira. Baƙon nan ne ba zai jira ba. Kullum da safe in na ji ƙarar amalanke a kan hanya sai in fito in tsaya ina ƙifta ido kamar zan gane wani abu. Ranar kasuwar Minjibir na je na bi layin masu amalanke ina shafa gindin ƙarfensu ɗaya bayan ɗaya, ina neman sabon fenti. Wani ya ɗauka ɓarawo ne, ya ce, "Baba, lafiya?" Da furfurata, Sabi'u. Ban samu ba.

Ban ce ka bar aikinka ka dawo ba. Na so tafiyar nan taka, ni na sa maka albarka, ban kuma janye ba. Ban ce ka ba ni haƙuri yanzu ba, riƙe abinka sai ka zo. In muryata ce ba ka son ji, ka kira Innarku, ko ka faɗa wa direban nan, gobe da safe zai juyo. In kuwa kana da sauran kunyar gidan nan a jikinka, ka kira mutumin da kanka ka ce masa ya sauke kaya, ya kwance shanu, kada ya ƙara ɗora ko dami ɗaya sai ya kawo mini. Ka gaya masa gaskiya, ka ce ruwa ka zuba. Zai zage ka, ka tsaya ka ji, ba a mutuwa da zagi.

Yanzu ka kwance ƙunshin. Na farko, mai nauyin, guntun ƙarfen ne. Ka kankare fentin, ka dubi farin bakin nan da kyau da idanun da Allah Ya bar maka. Ka ajiye shi a inda kake ajiye kayan aikinka, inda hannunka zai riƙa cin karo da shi duk lokacin da wani ya tsaya a kanka yana cewa yi sauri.

Na biyun soyayyen nama ne. Da yamma ranar watanda, Malam Hudu ya aiko da kashi guda gidanmu, daban da wanda na ɗauka. Ya ce na Sabi'u ne, shi da ya saba yi wa Ɗan Ja susa a wuya in an kawo gyara, a aika masa, baƙunta sai da ɗan abin taɓawa. Na ce a mayar, Innarku ta ce ba a mayar wa dattijo kyauta. Ta soya, ta barbaɗa yajin da kake so, tana yi tana share ido da gefen zane. Ta roƙe ni kada in gaya maka naman wane sa ne, wai ka ci da daɗin rai. To na gaya maka. Ni na kasa kai ko tsoka ɗaya bakina. Kai ka gwada, in ya wuce maka maƙogwaro kafin ka kira mutumin nan, to ban san wanda na haifa ba.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare waɗanda za su zauna a ƙarƙashin aikin hannunka. Allah Ya riƙe ƙarfen nan da ikonsa har saƙo ya isa ga mai shi. Innarku tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Wayata tana aljihun gaba, na sa an ƙara mata ƙara yadda ko ina bakin zugazugi zan ji.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Idi Maƙeri